Yadda Bakwaini Ya Karɓe Mini Ganga

Ƙanina bakwaini aka haife shi, sunan kuma ya bi shi har yau. Inna kan ce wanda bai jira cikin uwarsa ba, wa zai jira? Faci yake yi a bakin titi, kuma kafin mai mota ya faɗi tayar da ta sace, ya riga ya kwance wata.

Haka yake a kiɗa. A ɗakin da muke atisaye bayan shagon walda, ni ne mai gangar ƙungiyarmu. Shi kacau-kacau muke ba shi, don kullum sai ya riga waƙa isa. Ni kuwa kunne gare ni. Mawaƙiyarmu na jan numfashi na san inda za ta sauka.

Sai aiki ya kai ta wata ƙasa mai nisa. Ta aiko mana da irin tabaran nan da in ka saka sai ka gan ta tsaye kusa da fanka, kamar ka miƙa mata ruwa. Muryarta kuma kowa ta abin jin sautin da ya saka a kunne yake jinta. Amma netwok na riƙe muryarta a hanya. Ina jiranta, kiɗana ya je mata a makare, ita ma ta jira ni. Waƙar ta yi ta ja kamar keke a hawan tudu, har ta tsaya cik.

"Yaya, kawo in taɓa," in ji Bakwaini.

Na ba shi don a sha dariya. Ina! Tunda ba ya jiran kowa, ya saki kiɗa ya miƙe, ita kuma ta hau kai ta bi shi, waƙa ta zauna daram.

Hassada? Ita ce, wallahi, har abinci ya daina yi mini daɗi. Na canja layi, na canja waya. Na gwada kiɗa ba tare da jiranta ba, hannuna ya ƙi, kunnena ya hana shi.

Ranar da ta ce gangar ta zama tasa, hotonta na tsaye a gabanmu, ta dube shi ta ce, "Tun da nake waƙa ban taɓa samun makaɗin da ke saurarona kamarka ba."

Ina gefe riƙe da kacau-kacau. Abin jin sautinsa na lilo a wuyansa, ashe bai ma saka shi a kunne ba.

Ya taɓo ni. "Yaya, me ta ce?"

Da bakina na maimaita masa.