Dutsen Gugar Malam Lalyo

Bangon da ya raba ajin girki da ɗakin koyon haɗa wayar lantarki katako ne siriri, ko tari aka yi a can sai an ji a nan. Shi ya sa ranar Larabar nan Malama Nimfa ba ta sha wahalar kasa kunne ba. Tana cikin nuna wa ɗalibanta yadda ake tatsar kwakwa, sai muryar shugabar makaranta, Madam Villaruel, ta keto katakon.

Shugabar tana cewa yara ashirin da takwas ne a ajin, kuma sunaye ashirin da takwas take son gani a takardar masu zuwa jarrabawar shaidar sana'a kafin Juma'a, da sa hannun malamin ajin, Malam Lalyo, a ƙasa. Ta ce ita da idonta ta ga kowane yaro ya danna makunni ƙwan lantarkinsa ya kawo wuta. To me kuma ake nema?

"Madam, ko da cokali kika haɗa waya biyu, ƙwai zai kama," in ji Malam Lalyo, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. "Sha tara zan sa wa hannu. Taran nan ba su iya ba."

"To ka ajiye mini mukullin ɗakin nan."

"Ki aiko ran Juma'a."

Nimfa ta ci gaba da matse kwakwarta har yatsunta suka yi fari. 'Yarta Jonalyn tana cikin taran. Ba tare da wannan shaida ba, kamfanin gyaran jiragen ruwa na birnin Cebu ba zai ko duba takardar yarinyar ba, ga shi jarrabawar sau ɗaya makarantar ke kai yara a shekara.

Eulalio Tingson ne sunan Malam Lalyo na yanka, amma ba mai kiransa haka sai takardar albashi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin wuta a masana'antar sukari, har ranar da aka rufe ta aka sallami kowa. Ya shigo koyarwa da furfura, da jakar kayan aiki wadda ta girmi ɗalibansa, da wani tsohon dutsen guga irin na gawayi da ya gada wajen uwarsa. Wannan dutsen shi ne alƙalin ajinsa.

Dokarsa ɗaya ce: ba mai taɓa baƙin tef sai ya ga haɗin tsirara. Yaro zai feɗe bakin waya ba tare da wuƙa ta ci jan ƙarfen ba, ya gicciya biyun, ya naɗe kowane a jikin ɗan'uwansa sau shida da filaya, naɗi kusa da naɗi, ba ƙofar da allura za ta shiga. Sannan Malam ya ɗaure baki ɗaya a ƙusar rufi, ya rataya dutsen gugar a ɗaya bakin, ya koma gefe ya naɗe hannu. In haɗin ya riƙe, sai ya ce, "Rufe." In ya zame, dutsen ya faɗi a kan siminti, duk makarantar ta ji an kayar da wani. Simintin wurin har ya yi rami.

Abin da ya sa dutsen ke yawan faɗuwa kuwa, yaran garin ba sa zuwa ajinsa da jahilci, da iyawa suke zuwa. Kowace shekara mahaukaciyar guguwa kan tsinka wayoyin unguwa, kuma ba mai zaman jiran ma'aikata. Iyaye maza su hau tsani, su murɗe waya da yatsa sau biyu ko uku, su lafta tef har ya yi ƙulli kamar ɗanyen mangwaro, wuta ta dawo, mata su yi tafi. Yaro tun yana shekara goma yake riƙe wa ubansa tsani. A wurinsu, kaurin tef shi ne ƙarfin haɗi. Wanda ya fi kowa suna a wannan aiki kuwa Berting ne, mijin Nimfa, wanda kan dawo wa layi guda da wuta kafin shinkafa ta nuna, a sallame shi da kaza ko kwalbar giya. Shi ya koya wa Jonalyn, kuma yana alfahari da saurin hannunta.

Mutanen gari sun ƙirƙiro wa Malam Lalyo dalili, don tsanani ba dalili yana ba mutane tsoro. Wasu su ce gidansa ya taɓa ƙonewa, wasu su ce wuta ta kashe abokin aikinsa a gabansa. Nimfa ta san duk ƙarya ne, layi ɗaya suka tashi. Abin da ta sani shi ne, shi da Berting wurin maigida ɗaya suka koyi aiki suna samari. Berting ya gama gida uku, Lalyo yana kan soket ɗaya, maigidan yana kiransa Kunkuru a gaban mutane. Shekara talatin ke nan, amma ta lura duk ranar da dutsen ya faɗi a kan haɗin Jonalyn, akwai wani abu da ke motsi a gefen bakinsa wanda ba ya motsawa don sauran yara.

Ranar Alhamis ya sake ba taran dama. Nimfa tana ƙirgawa ta bayan katako. Sau bakwai dutsen ya daki ƙasa. Na ƙarshen ta san na waye, don ta ji muryar 'yarta tana cewa ai a gidansu haka ake yi, kuma shekara nawa wutarsu ba ta taɓa ɗaukewa ba. Malam ya ce ta ɗauko sabuwar waya.

Da yamma a gida Berting ya yi ta dariya, ya ce Kunkuru ya samu waɗanda ya fi sauri. Nimfa ta jona tukunyar shinkafa ta lantarki, ta buɗe taga saboda ƙarnin kifin nan da ke tashi a kicin duk lokacin girki. Ta wanke katakon yanka, ta wanke bango, ta sauya wa busasshen kifi mazubi, amma ƙarnin yana nan. Gidan da ake cin kifi safe da yamma, wa zai tsaya tambaya?

Juma'a da azahar Malam Lalyo ya miƙa takarda mai suna ashirin da ɗaya. Madam Villaruel ta karɓi mukullin ta ba wani sabon malami, ɗan shekara ashirin da biyar mai takardun jami'a, wanda ya cike sauran sunaye bakwai kafin a tashi. Shi kuma Lalyo aka mayar da shi kula da ɗakin ajiyar kujeru. Jonalyn za ta tafi jarrabawa. Abin da Nimfa ke so ke nan, ta kuwa rasa dalilin da ya sa ƙafarta ta kai ta ƙofar ɗakin nasa.

Ta same shi yana cire ƙusar rufi da filaya. Jakarsa a kafaɗa, dutsen guga a hannun hagu.

"Manong," ta ce, wato yaya, don haka take kiransa tun suna yara, "har ƙusar ma ba za ka bar musu ba?"

Ya ce tasa ce, da kuɗinsa ya saya, kuma akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidansa mai reshe daidai tsayin nan. Ya riga ya gaya wa bakwai ɗin duk mai so ya zo ran Asabar. Ta ce ba wanda zai zo, sun riga sun sami sa hannu. Ya ce to shi da dutsen za su sha iska.

Nan ta fito da abin da ke cinta tun Laraba.

"Ba Jonalyn ka kayar ba, Manong. Ubanta kake kayarwa. Sau nawa za ka jefar da Berting a kan simintin nan kafin ka huce?"

Ta zaci zai musa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya ƙusar a yatsunsa, har ta ga abin nan ya motsa a gefen bakinsa.

"Ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Amma dutsen bai san Berting ba. Makon jiya na gaya wa yara cewa waya in ta saki a cikin tef, zafi take yi, robar ta riƙa ƙarni kamar kifi. 'Yarki ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta tambaye ni ko tukunyar shinkafa ma tana jawo haka. In kin koma gida, kada ki jona tukunyar nan. Ki kashe wutar gidan, ki ba Jonalyn wuƙa ta buɗe tef ɗin da ke bayan soket, ubanta yana tsaye. Ni ina gindin mangwaro gobe da ƙarfe takwas."