Tarihin Malama Liyatu Zadok, Mai Sauraren Gunagunin Yara

Haihuwarta

An haifi Malama Liyatu a shekarar 1953 a garin Jimeta. Mahaifinta Zadok matuƙin kwale-kwale ne a kogin Binuwai, mahaifiyarta kuwa Rahila mai sayar da busasshen kifi, dukkansu mutanen ƙasar Numan.

Karatu da Aiki

Bayan ta kammala kwalejin horon malamai a 1974, an tura ta wata firamare a unguwar Gwadabawa. A can ta lura da wani al'amari da jama'a ba su ɗauka da muhimmanci ba: duk yaron da ya haɗu da aiki mai wuya sai ya riƙa gunaguni shi kaɗai, kuma kalmomin ba nasa ba ne, na wanda ya koya masa ne. Daga nan ta yi imani cewa tunanin yaro muryar wani babba ce da ta shiga kunnensa, ta zauna a bakinsa, daga bisani ta nutse cikin zuciya. Saboda haka ba ta taɓa hana surutu a ajinta ba. Hedimasta Malam Badamasi yakan leƙo ya ce, "Malama, aji ne wannan ko kasuwar kifi?" Ita kuwa takan amsa, "Tunani suke yi, ranka ya daɗe, bai gama shiga ciki ba ne."

Aure da Iyali

Ta auri Othniel, ma'aikacin gidan waya, a 1977, suka zauna a unguwar Ajiya. Ta yi ritaya a 2009.

Shekarun Gudun Hijira

A ƙarshen 2014, lokacin da mutanen Michika da Mubi suka kwararo Yola, wani direba ya kawo mata yarinya 'yar kimanin shekara biyar da aka tsinta a hanya. Ba ta magana, ba a san sunanta ko garinsu ba, kuma hukuma ta yanke shawarar kai ta gidan marayu idan ba a samu danginta ba. Malama Liyatu ba ta tambaye ta komai ba. Kullum sai ta ajiye mata faifan shinkafa ta tsince, ta zauna kusa tana saurare.

Makonni suka wuce shiru. Wata safiya, yarinyar na tsinta, sai aka ji ta cikin muryar tsofaffi tana cewa, "Zipporah, tsakuwa gefe. Kar ki karya wa kakanki haƙorin da ya rage masa."

Malama ta sa aka maimaita wannan magana a majami'u da masallatai. A unguwar Yolde Pate wata tsohuwa ta ji, ta miƙe ta ce maganarta ce, mijinta ne mai haƙori ɗaya. A watan Fabrairun 2015 aka haɗa ta da jikarta.

Rasuwarta

Malama Liyatu ta rasu a watan Yulin 2023 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a maƙabartar Kirista ta Jimeta. Ta bar 'ya'ya uku: Sammy, Rifkatu da Yohanna. Iyalin sukan ƙara da Zipporah, wadda ranar jana'iza aka ji tana wanke kofunan baƙi tana faɗa wa kanta, da irin muryar marigayiyar, "Sannu-sannu, 'yata, ina nan kusa."