Inna Bara'atu da Fararen Yatsun Matan Gidan Labbo

Da an idar da sallar asuba a Gidan Labbo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Wanke a ƙasar Gusau, abin da kunne ke fara ji shi ne turmin Inna Bara'atu. Busasshen ganyen lalle take dakawa. Ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa a tsohuwar ƙwaryarta, ta rufe da faifai ya tsumu. Kafin hantsi mata sun fara sallama: amare, masu jego, da tsofaffin da har yau ba su yarda sun tsufa ba. Tun tana budurwa take wannan sana'a, har hannuwanta suka rine, ba sabulun da zai fitar. A bana ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, ta miƙa ƙwaryar ga 'yar ƙanwarta Hafsatu.

In ana ba da tarihin kujerar majalisar jiha ta wannan yanki, sunayen maza ake jerawa: wane ya hau, wane ya kayar da shi, wane ya sauya jam'iyya. Ba mai ambaton mai lalle, alhali tana da nata kason a ciki.

Akwai rafi tsakanin Gidan Labbo da hanyar Gusau. Da rani yara ke wasa a cikinsa, da damina kuwa ko babur ba ya ƙetarewa. Tun dawowar mulkin farar hula, duk ɗan takarar da ya zo neman kujerar nan sai ya tsaya a bakin rafin ya yi alkawarin gada, a tafa masa, ya tafi. A bakin rafin nan Safiya, 'yar Habiba Bafulatana ta rugar gabas, ta rasu tana naƙuda a kan amalanke, ana jiran ruwa ya janye a kai ta asibiti. Habiba ba ta taɓa yin zaɓe ba. Bayan wannan rashi ta yi tattaki ta yanki kati, ta ce ita ma za ta sa hannu a sauke mai alkawarin ƙarya.

Sai aka yi rashin sa'a. A shekarar da aka fara kawo na'urar da ke tantance mutum da zanen yatsa, wani babban biki ya faɗo a makon zaɓen. Inna Bara'atu ta zage ta yi aikin da aka san ta da shi. Ta yi wa matan gari da na ruga ƙunshi, kowace ta zura hannu a zunguru, dogon ƙoƙon ƙunshi, 'yan yatsu suka kama har suka yi baƙi. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar Asabar, ranar zaɓen, layin mata ya fi na maza tsawo. Mace ta ɗora yatsa, na'ura ta yi shiru. Malamin zaɓe ya goge da hankici, ya gwada wani yatsan, haka dai. Mata suka koma gefe suna dirza da lemun tsami da toka, amma lallen Inna ba na wasa ba ne. Aka ce su dakata a bi da su ta wata hanya. Jira ya yi tsawo, rana ta take, yara na kuka, ga girki na jira. Da ɗai-ɗai suka sulale. Habiba ta tsaya har la'asar, lokacin dawowar shanu ya yi. Da za ta tafi ta biyo ta gaban Inna, ta buɗe mata hannu.

"Inna, kin ga aikinki," in ji ta. "Don Safiya na taho tun da sahe. Ga yatsan ya yi kyau, amma bai yi mani komi ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma abin da ya fi yi wa Inna ciwo ke nan. Mai kujerar ya koma kujerarsa. Ko ƙuri'un matan nan za su iya sauke shi, Allah kaɗai ya sani, Inna ma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Abin da ta sani shi ne, da hannunta ta rufe wa Habiba baki.

Daga nan ta kafa wa kanta doka. In zaɓe ya matso, za ta yi wa mace lalle a ƙafa da bayan hannu yadda take so, amma kan yatsu fari fat za ta bar shi. Wasu suka yi fushi suka koma wajen masu lallen Tsafe. Mazan gari suka laƙaba mata Hukumar Zaɓe, ita kuwa ta amsa. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda za a zaɓa ba. Da 'yan siyasa suka aiko mata da atamfa, a ledarta ta mayar.

Babban gwajin ya zo ne a zaɓen gaba, da bikin jikarta Nusaiba ya faɗo a makon. Dangin ango suka iso daga Bungudu, gwaggon ango Hajiya Halimatu Sadiya ta ɗaga hannun amarya ta duba, ta saki.

"Inna, wagga wace irin rowa ce? Amarya guda da hwararen yatsu kamar mai takaba?"

Nusaiba ta sunkuyar da kai tana hawaye. Inna ma idonta ya kawo ruwa, don ita ta raini yarinyar, kuma ta daɗe tana tanadin lallen wannan rana.

"Hajiya, ku yi haƙuri," ta ce. "Ran Lahadi ku maido mani ita in rina mata har gwiwar hannu. Amma ran Asabar da yatsanta za ta tahi."

Haka aka kai amarya. Ranar Asabar Habiba ce a gaban layi. Ta ɗora yatsa, na'ura ta karɓa, ta shiga ta dangwala. Ta fito da tawada a farce, ta zo ta durƙusa gaban Inna ta nuna mata. A wannan karon kujerar ta sauya hannu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, da layi ya zo kan Inna, na'urar ta ƙi ta. Dakan lalle da kwaɓinsa sun cinye zanen yatsunta tuntuni. Ta koma tabarmarta ta ci gaba da miƙa wa mata ruwa a moɗa. Sai a zaɓen baya-bayan nan, da aka kawo na'ura mai duba fuska, aka tantance ta.

Inna Bara'atu, ke ce kika yarda a kira ki marowaciya a bikin jikarki don kada wata ta sake komawa gida da maganarta a ciki. Ke ce uwar layin mata. Gadar ba ta kammalu ba har yau, ginshiƙai ne kawai a tsaye cikin yashi, kuma ba za mu yi miki ƙaryar cewa ta kammalu ba. Amma yanzu mai neman kujerar nan, in ya gama da maza a bakin rafi, dole ya nemi iso wajen mata. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya, ya jiƙan Safiya. Duk mai sana'a a ƙasar nan ya dubi abin da ke hannunsa, ya ga ko akwai abin da zai iya haƙura da shi saboda maƙwabcinsa.

Ranar da Inna ta miƙa wa Hafsatu ƙwaryar, Habiba ta kawo mata nono, ta roƙi Inna ta yi mata lallen ƙarshe da hannunta. Inna ta kama yatsun ta tsaya.

"Zaɓe da saura, Inna," in ji Habiba. "Ki rina duka."

Ta rina duka.