Ruwan da Na Zubar a Bayan Shinge

Ranar Asabar ce, azumi ya kwana goma sha bakwai, a shekarar da na cika sha ɗaya. Ina tsugune a bayan shingen waya na wani filin tanis kusa da College Park, na karkata wata jar gora ina tsiyaye ruwan sanyi cikin ciyawa. Ni ma azumi nake yi, kuma ƙanƙarar da ke cikin gorar tana ƙara kamar tana kirana. Ta ramukan wayar ina hango yayata Bilki tana fafatawa da wata doguwar Baturiya, fuskarta ta yi wani irin toka-toka da ban taɓa gani ba. Karo na biyar ke nan da na zubar da ruwanta a ranar, kuma duk wanda ke wurin ya ɗauka ita ce take shanyewa.

A lokacin shekara uku ke nan da Baba ya ɗauko mu daga Katsina. Direba ne a wani ofishin jakadanci a Washington, ya kama mana ɗaki biyu da falo a hawa na uku na wani dogon gini a Hyattsville. Babu tsakar gida, babu rijiya, babu inuwar da za a shimfiɗa tabarma. Wurin ajiye motoci shi ne filinmu. A nan na koya wa 'ya'yan maƙwabta langa, su kuma suka koya mini hawan keke da gudu idan mai kula da gini ya fito. Aikina a gida shi ne saukar da shara, da kai wanki ɗakin injuna a ƙarƙashin ƙasa, inda nake tsoron shiga ni kaɗai saboda rurin tukunyar ɗumama gini. Bilki, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ita ke surfa wake da wanke-wanke. Idan Inna ta kunna injin markaɗe don ƙosai, tsohuwar da ke ƙasanmu sai ta dinga dukan silinta da sandar tsintsiya, Inna kuma ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah, saura kaɗan."

A gefen kwandon shara Bilki ta tsinci raket, abin buga ƙwallon tanis, na katako, igiya biyu sun tsinke. Ta fara dukan ƙwallo a bangon bayan gini, daga dawowa makaranta har Inna ta leƙo ta taga ta ƙwala mata kira. Wata rana wata dattijuwa baƙar fata, Madam Ruth, ta tsaya da motarta tana kallo. Malamar motsa jiki ce da ta yi ritaya, tana koya wa yaran unguwa tanis kyauta a filin gwamnati. Ta hau bene har ƙofarmu ta roƙi Baba ya ba ta yarinyar. Sai bayan kwana uku Baba ya yarda, bisa sharaɗi. Bilki za ta sa dogon wando, zan raka ta duk inda za ta, kuma salla da azumi ba za su motsa ba. Har yau ina jin muryarsa: "Ranar da wannan katakon ya shiga tsakaninki da Ubangijinki, da hannuna zan karya shi."

Baba mutum ne mai sauƙi, ba ya duka, amma ba ya maimaita magana. Abin da ya sani game da tanis kuwa shi ne abin da yake gani a gidan jakada, inda dattawa masu tumbi suke tura wa juna ƙwallo a hankali suna dariya, su koma inuwa su sha lemo. Bai taɓa ganin wasan Bilki ba, don Asabar ranar aikinsa ce. A wancan lokacin azumi a tsakiyar bazarar Amurka yake faɗowa, a kama baki tun wajen ƙarfe huɗu, ba a sha ruwa sai takwas da rabi. Da Inna ta ce ko a bar yarinya ta huta, sai ya yi dariya. Ya ce shi da azumi a bakinsa ya yi noman gero a ranar Katsina, wace rana ce a ƙasar da ake sa riga uku. Bai san cewa zafin nan daban yake ba. Na gida yana ƙona fata, amma gumi yana bushewa. Na nan kamar a rufa wa mutum jiƙaƙƙen bargo ne a ka, ruwan jiki ya yi ta zuba ba tare da an ji sanyi ba.

Gasar ranar nan ba irin sauran ba ce. Wadda ta ci za a ɗauke ta a wata makarantar horo, kyauta, inda ake shirya 'yan mata su zama ƙwararru. Madam Ruth tana da doka guda da ba ta sassautawa: wadda ba ta shan ruwa ba ta shiga fili. Ta ji labarin azumi, ta tambayi Bilki, Bilki ta ce mata ai sai mutum ya kai sha takwas yake farawa. To idan ta sha, Baba zai karya raket. Idan ta ƙi sha a fili, Madam Ruth za ta cire sunanta. A kan matakalar bene, da safe kafin mu fita, ta riƙe kunnena ta tsara mini aikina. Za ta kai gora baki ta datse leɓe, idan aka sauya gefe ta miƙo mini ta ƙofar shinge kamar zan ƙaro, ni kuma in zagaya baya in zubar da rabi, in biyo ta gaban Madam Ruth ina girgiza gorar don ta ji ta yi sauƙi. "Habu, ka rantse da Allah ba za ka faɗa wa kowa ba," in ji ta. Na rantse. A makarantar allo an gaya mana abin da ke samun mai karya rantsuwa, kuma na yarda da shi kamar yadda na yarda wuta tana ƙuna.

Wasan safe ta ci shi cikin sauƙi. Na ƙarshe aka sa shi ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwaltar filin take tashi da turiri har tafin takalmi yana mannewa. Ta ci zagayen farko, Baturiyar ta ci na biyu. A na uku ne na fara ganin abin da ya tsorata ni. Rigar Bilki, wadda tun safe take jiƙe sharkaf, ta fara bushewa a jikinta. Ta jefa ƙwallo sama za ta buga, ta bar ta ta faɗo mata a kafaɗa. Da alƙalin wasa ya faɗi maki, sai ta juya ta yi masa magana da Hausa, ta ce ya gaya wa Inna wake ya jiƙu. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Ni ban yi ba. Na kama wayar shingen da hannu biyu. Ta yi taku uku zuwa wajen raga, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta kife. Ƙarar da kanta ya yi a ƙasa ba ta da ƙarfi, kuma ita ce ƙarar da na fi tsana a duniya.

Aka ja ta inuwa. Idanunta a buɗe suke amma ba ta ganin kowa, jikinta zafi kamar murfin tukunya. Motar asibiti ta zo, wani ƙaton ma'aikaci mai jan gemu ya durƙusa yana tambaya, ta ci wani abu ne, tana da wata cuta, ta sha ruwa? Madam Ruth tana kuka tana cewa ruwa kam ta sha, gora biyar a kan idonta, lallai wani ciwo ne daban, a duba kanta, a duba zuciyarta. Na ga mutumin ya ɗaga gira ya fara laluben kan Bilki. Ina tsaye da gorar a hannu. A raina ina lissafi irin na yaro: idan na yi magana, Allah zai kama ni, Baba zai karya raket ko ya kore ni, Bilki ba za ta ƙara kallona ba. Idan na yi shiru, za su yi ta neman ciwo inda babu shi. Sai leɓenta na ƙasa ya tsage, jini ya fito baƙi, bai ko gangara ba. Ban san lokacin da na ja rigar mutumin ba. Na ce masa ba ta sha ba, ko ɗigo, tun kafin gari ya waye, ni ne nake zubarwa. Na ja shi da hannu zan nuna masa ciyawar da ta jiƙe. Bai bi ni ba. Ya daka wa abokin aikinsa tsawa, suka huda hannunta suka rataya ledar ƙarin ruwa, suka jera mata ƙanƙara a wuya da hammata. Madam Ruth ta dube ni sau ɗaya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

A asibiti na zauna a kujerar roba ina jiran abu biyu, mutuwar Bilki da tawa. Duk wanda ya wuce da farar riga sai in miƙe. Baba ya iso da kayan aikinsa, Inna tana bayansa da mayafi a karkace da silifas ɗin banɗaki. Likita ta tsayar da su a baranda ta yi bayani a hankali, Baba yana fassara wa Inna, har ya kai inda ya daina fassarawa. Daga baya na ji abin da aka ce: ƙodarta ta kusa tsayawa, kuma da an ƙara ɓata lokaci ana neman wani ciwon, da sai dai a yi mana ta'aziyya.

Wajen ƙarfe shida ta farfaɗo, saura fiye da awa biyu a sha ruwa. Nas ta kawo kofi da tsinken zuƙa ta kai mata baki. Bilki ta ga Baba a bakin gado, ta datse haƙora ta juya kai bango. Nas ta yi lallashi, Inna ta yi, ta ƙi. Sai Baba ya karɓi kofin. Leɓensa shi ma a bushe yake fari fat. Ya tallafo kanta da hannu ɗaya kamar jaririya ya ce, "Bilkisu, sha. Alhakin yana wuyana, ba naki ba." Ta sha tana kuka, ruwan yana zuba a wuyanta. Da ta sami murya, abin da ta fara tambaya shi ne, "Baba, za ka karya?" Ya ce, "Ke dai shanye." Sannan ta hango ni a bakin ƙofa ta ce, "Munafuki, kai ka faɗa ko?" Inna ta ce, "Munafukin nan ne ya sa kike da bakin zagi."

Bayan salla Baba ya ɗauki hutun Asabar guda, ya sa ni na ɗauko raket, muka tafi filin gwamnati. Ya fara ba Madam Ruth haƙuri, hula a hannu. Sannan ya naɗe ƙafar wando ya ce a buga masa irin yadda ake buga wa Bilki. Bai yi minti goma ba ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, "Wannan ba wasa ba ne, huɗa ce." Ya je ya sami wani malami ɗan Nijar da ke yi mana limanci a wani ɗaki da muke haya, suka daɗe suna magana. Ni ma ya kai ni a kan rantsuwata, malamin ya ce yaro bai balaga ba, kuma ceton rai ya fi ta, amma na yi shekara ina jiran abin da zai faɗo mini. Daga lokacin, idan azumi ya zo Bilki tana gida, raket sai bayan an sha ruwa. Idan gasa ta kai ta wani gari, ta sha, ta rama da sanyi lokacin da yini gajere ne.

Gurbin makarantar ya wuce ta a shekarar, ta same shi a ta gaba. Ta zama ƙwararriya kafin ta cika ashirin, ta yi shekaru tana yawo da jaka ɗaya daga ƙasa zuwa ƙasa, a ƙananan gasanni inda 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Ta ci wasu, ta sha kaye a da yawa, ba ta taɓa ɗaga babban kofi ba, har gwiwa ta ajiye ta. Tun ranar da ta faɗi ban ƙara iya kallon wasanta har ƙarshe ba. Da ta sunkuya ɗaure takalmi sai zuciyata ta tsinke in fita waje.

Yanzu tana koyar da yara, ciki har da 'yan mata masu kallabi, kuma iyayensu suna da masallatai da likitoci 'yan gida da za su tambaya kafin azumi ya kama. Mu Musulmin unguwar a lokacin gida shida ne ko bakwai, kowa yana auna ƙasar nan da mudun garinsu. Ni ina aiki a wani sito a Laurel, kuma da furfura a gemu na koma aji ina koyon karatun da ya wuce ni ina yaro. Da Baba ya rasu muka sami wata ambulan a ƙasan akwatinsa, cike da guntayen jaridu da ya yanka, duk inda sunan Bilki ya fito, ko da a layin waɗanda aka cire a zagayen farko ne. Ina karanta su ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, ba na sauri. Da yana nan da na karanta masa da baki, ya gyara mini inda na yi tuntuɓe.