Rabin Awar Laraba

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Umma ba. "Ke" nake, ko "waccan", in baƙi sun zo kuma in zama "yarinyar nan". In tana son tsintsiya sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa yayarki ta kawo tsintsiya," alhali ina tsaye a gefenta, har bakin mayafinta na taɓa hannuna.

Can Sudan inda iyayena suka taso, wannan kunya ba ta cutar da kowa, don kaka tana nan. Ita ke ɗauke ɗan fari, ta goya shi, ta shagwaɓa shi har ya lalace. To mu a Jidda aka haife mu, a wani gida mai ɗaki biyu a bayan shagunan Bagdadiyya. Umma ta tsallako teku da kunyarta cif-cif, kakar kuwa an baro ta a Wad Madani. Sai na tashi da rabin al'ada, kuma rabin da ba shi da daɗi.

A ƙofar makaranta nakan ga iyayen 'yan ajinmu Larabawa suna rungume 'ya'yansu, wannan "habibti", waccan "ya galbi", sai ka ce daga yaƙi yaran suka dawo ba daga darasin lissafi ba. Ina kallo ina taɓe baki, amma a zuci kishi ne ke cina. Kafin in kai shekara goma sha bakwai na riga na yanke hukunci ni kaɗai cewa Umma ba ta sona. Ban faɗa wa kowa ba. Tukwane ne suka sha wahalar wannan hukunci, don in ina wanke-wanke har maƙwabta sai sun sani.

Baba direba ne a gidan wasu masu hali a Abhur, sai ranar Alhamis yake dawowa. A shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare ya shigo mana da tsohuwar talabijin da matar kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, ta gaji da ita. Sai an ɗan mare ta a gefe kafin hoto ya tsaya. A cikinta ne na gamu da wani wasan barkwanci na Amurka da tashar Turanci ke sawa kowace Laraba bayan la'asar, rabin awa, da fassarar Larabci tana gudu a ƙasan allo.

Iyali ne mutum huɗu: uba mai sanƙo da son raha, uwa mai gajeren gashi, 'yarsu sa'ata, da ƙanenta shaƙiyyi. Suna da gida mai bene, da doguwar kujera a falo, da firjin da ya kusa kai girman kicin ɗinmu. Matsalolinsu kuwa, Allah Ya ba mu irinsu. Yau ƙurji ya fito wa yarinya a hanci ranar ɗaukar hoto, gobe ta ɗauki motar ubanta ta daki kwandon shara, jibi ƙawarta ta daina yi mata magana a makaranta. Masu tashar kuma ba sa wasa da almakashi. Da zarar saurayi ya rako ta bakin ƙofa ya ɗan matso, sai ka ga gari ya waye tana shan madara.

Umma sana'ar gyaɗa take yi. Da safe ta soya cikin yashi, da yamma ta zauna a falo da babban faranti tana murje ɓawo, tana ƙullawa a ƙananan ledoji. Makon farko ta yi kamar ba ta san da talabijin a ɗakin ba. Mako na biyu ta tambayi ƙanwata me Nasaran nan ke cewa, domin Umma tana jin Larabci sarai amma ba ta karanta shi da sauri. Ƙanwata ta fara haɗa baƙi, kafin ta kai ƙarshen layi har an canza uku, ta ce "Halas, na gaji," ta tashi za ta fice.

"To ce wa waccan ta zo ta karanta," in ji Umma.

Haka na sami aiki. Na zauna a tabarma, faranti a tsakaninmu, tsohon mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, yana hura sanyi kaɗan da ƙara mai yawa. Ban tuna wani lokaci kafin wannan da na zauna kusa da ita har rabin awa ba.

Hausata a lokacin abin tausayi ce. Ina ji tsaf, amma in zan yi magana sai Larabci ya riga ni fita. Ina jujjuya kalma ina haɗawa da hannu, Umma tana gyara mini ba tare da ta dube ni ba, farantin take gaya wa. Sharhinta kuwa ya fi wasan daɗi. Dariyar nan da ke tashi bayan kowace magana ta dame ta ƙwarai. "Su wane ne waɗannan da ke laɓe a gidan mutane suna ƙyaƙyata? Ba su da aikin yi ne?" Ta kasa yafe musu shiga ɗaki da takalmi. Ranar da uban ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofar 'yarsa yana neman izini, sai da ta ajiye ledar hannunta. "A gidansa? Shi da ya gina? La ilaha illallahu." In kuwa yarinyar ta murguɗa baki ta haye sama ta bugo ƙofa, Umma takan girgiza kai ta ce, "Da a Madani ne, da yau ba ki kwana da wannan bakin ba."

Amma kowane kashi iri ɗaya yake ƙarewa. Kiɗa zai yi sanyi, masu dariya su yi shiru, uwar ta hau bene a hankali, ta zauna a bakin gado, ta kira 'yar da sunanta. Su yi 'yar magana, su rungume juna. Duk lokacin da aka zo nan Umma sai ta sunkuyar da kai, gyaɗa ta zama abin da ke bukatar dukan hankalinta. Ni kuma in ci gaba da fassara da busasshiyar murya, zuciyata na tafasa.

Wata Laraba shaiɗan ya raɗa mini dabara. Yarinyar ta ɓatar da ɗan kunnen uwarta, tana ba da haƙuri, abin da rubutu ya ce ke nan. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Ta ce wai ta san ƙanenta aka fi so a gidan." Na saci kallon Umma. Hannunta bai tsaya ba. "Uhm," kawai ta ce.

Da na ga ban mutu ba, sai na ƙara. Mako bayan mako Ba'amurkiyar nan ta zama bakina. Ta ce ta ci jarrabawa ba wanda ya ce mata sannu. Ta ce ranar da zazzaɓi ya kama ta, ƙanenta aka aiko da magani. Ta ce tana ganin ko ta ɓace ba za a neme ta ba sai an rasa mai wanke tukunya. Baiwar Allah, ita da ko cokali ban taɓa ganin ta wanke ba. Duk abin da Umma ke cewa shi ne, "Yaran Nasara akwai ƙorafi." Ina jin haushi ba ta gane ba, ina kuma jin daɗi ba ta kama ni ba. Ni a dole mai wayo.

Cikin haka sakamakonmu ya fito, na ci da kyau. Sai dai irinmu baƙi masu zaman iƙama, wato takardar izinin zama, ba mu da ƙofar shiga jami'a a nan. Baba ya yi magana da ƙanwarsa a Madani, aka tsayar da cewa in tafi wurinta in yi karatu, jirgin ruwa zuwa Sawakin, daga nan mota. Karatun ina so. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zan bar gidan nan ban san matsayina a wurin matar da ta haife ni ba. Umma kuwa shiri ta shiga yi. Ta sayo akwati, ta riƙa ɗinke-ɗinke, lokaci-lokaci in ji ta ce wa ƙanwata, "Ce wa yayarki ta gwada rigar nan."

Kashin ƙarshe na zangon ya faɗo ranar Larabar da jirgi zai tashi washegari. Tun safe nake shirya jawabi. Na ce yau ba ɓoye-ɓoye, zan sa wa yarinyar nan tambayar a baki kai tsaye: kina sona ko ba kya sona? Na maimaita ta da Hausa mai kyau a banɗaki har sau biyar.

Labarin ranar ba wani abu ba ne. Yarinya za ta bikin ƙarshen shekara na makaranta, ta ƙone sabuwar rigarta da dutsen guga, ta haye sama tana kuka. Na fassara duk wannan daidai, har da shaƙiyancin ƙanen. Sai kiɗa ya yi sanyi, uwar ta kama ƙarfen bene. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Rubutu yana ta wucewa a ƙasan allo, ina ganinsa sarai: uwar na cewa ƙunar ba ta da girma, in aka ɗaura bel ba mai lura. Na kasa faɗin ko wannan.

"Bari," in ji Umma, idonta a kan talabijin. "Yau na gane da kaina."

Umma da ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Ta gyara zama, ta ci gaba da murje gyaɗa, ta fara da irin busasshiyar muryar da nake yi.

"Ta ce, ranar da na haife ki ba uwata a kusa, ba yayata, ba kowa. Ni kaɗai na yi miki wankan farko, ina tsoron kar ki suɓuce mini. Ta ce, daren da kika yi zazzaɓi, wanda aka aiko da magani ya koma ya yi barcinsa, wadda ta aiko shi kuwa a bakin ƙofa ta ga asuba. Ta ce, takardar jarrabawarki tana ƙarƙashin kayana, duk matan da ke sayen gyaɗa sun gaji da ganinta."

A allo tuni uwa da 'ya suka gama runguma, ƙanen ya leƙo ya yi wata magana, mutanen ɓoye suka fashe da dariya. Umma ta jira suka gama.

"Ta ce, sunan nan naki da kike jira, ina faɗinsa sau biyar kowace rana. Sai dai lokacin goshina na ƙasa, ba ke nake gaya wa ba."

Na yi kuka irin na yara, da majina da shessheƙa, ban ji kunyar kowa ba. Sunayen 'yan wasa suna hawa allo, ni ina share fuska da gefen riga. Da ƙyar na ce, "Umma, tun yaushe kika sani?"

Ta dubi faranti. "Baturiya ta buɗe baki sau biyu, mai fassara ta yi huɗubar Juma'a. Ko makaho ai ya gane."

Ba ta rungume ni ba, kuma ban sa ran haka ba. Ta dai kamo hannuna, ta zuba mini gyaɗa murjajjiya mai ɗumi a tafi, ta naɗe yatsuna a kai, ta riƙe na ɗan lokaci. Aka kira magariba, ta miƙe, ta ƙwala wa ƙanwata kira: "Yalla, ce wa yayarki ta kwashe ledojin nan ta sa a akwati." Ashe duk ƙullin ranar ba na sayarwa ba ne. Sai da na kusa wata biyu a Madani ina cin gyaɗar nan, leda ɗaya ina ja mata rai kwana uku.

Yanzu na dawo Jidda da aure da aiki, Umma ta tsufa, kuma har yau "ke" nake. Kwanakin baya na ci karo da wasan a waya, zangon nan gaba ɗaya. Launi ya koɗe, tufafin sun zama abin dariya, ga duk wuraren da almakashi ya cinye sun dawo. Turanci ya zauna mini yanzu, ba na bukatar rubutun ƙasa. Nakan kalli kashin ƙarshen in kewa ta taso. In uwar ta kama ƙarfen bene sai in kashe murya, don na riga na san abin da ta ce.