Malam Sammani Mai Jera Haruffa

Na fara sanin Malam Sammani ne lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta cikin gari, ina kai takardun jarrabawa a buga mana a wata 'yar maɗaba'a da ke Ƙofar Marusa. Ɗaki biyu ne da zaure. Da ka shiga warin tawada da kananzir zai tare ka, sannan ka hango shi can ciki, dogo, siriri, tsaye gaban wani faffaɗan akwati mai ƙananan gidaje, yana tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Aikinsa ke nan. Kafin inji ya buga ko da layi guda, sai ya jera kowane harafi da hannunsa, a juye, ya ɗaure shafin, sannan a shafa tawada.

Haifaffen unguwar Gobarau ne, ɗan wani maɗinki. Ya yi allo, ya yi elamantare ta shekara huɗu, daga nan karatun boko ya tsaya. Alhaji Dabo, mai maɗaba'ar, shi ya ɗauke shi yana saurayi, ya koya masa sana'ar, kuma shi ya tsaya masa har ya auri Hure. Sama da shekara arba'in Malam Sammani ya yi a ɗakin nan. Katin ɗaurin aure, kalanda, waƙoƙin wa'azi, littattafan yaƙi da jahilci, duk sun bi ta yatsunsa, kuma babu wanda bai karanta ba. Idan mai rubutu ya manta ƙugiyar harafi ko ya haɗe kalmomi biyu, sai ya gyara shiru bai gaya wa kowa ba. Amma ma'ana ba ya taɓa ta. Na taɓa ce masa ya sauya mini wata jimla da nake ganin ba ta yi daɗi ba, sai ya miƙo mini biro ya ce, "Kai za ka sauya, Malam. Ni haruffa ne nawa, magana ta mai ita ce."

Yana da aboki guda da kowa ya san su tare, Malam Abbas, malamin sakandare, shi ma ɗan Gobarau. Malam Abbas ne mai littattafai. Duk Jumma'a bayan an sauko zai biyo da littafi ɗaya a aljihun babbar riga, ya karɓi na makon jiya, su zauna a zauren maɗaba'a su yi ta gardama a kan abin da marubucin yake nufi har la'asar.

Wata shekara cikin mulkin soja, lokacin da mutane suka koyi rage murya in za su yi zancen gwamnati, Malam Abbas ya rubuta wata 'yar takarda mai shafi goma sha biyu. Ya bayyana halin da ɗaliban wata makarantar kwana suke ciki, yadda abincinsu ke bin wata hanya daban, da yadda duk malamin da ya yi magana ake tura shi ƙauye. Ya kawo wa abokinsa ya buga. Alhaji Dabo ya tafi Legas sayen takarda a makon nan, sai Malam Sammani ya karɓa da kansa, ya ce ya dawo Jumma'a.

Ya jera shafi huɗu. Rana ta uku wani direba da ya zo karɓar kati ya ba da labarin wani mai ɗab'i da aka kama a wani gari, aka garƙame shagonsa, iyalinsa ba su san inda yake ba. Bayan direban ya fita, Malam Sammani ya daɗe tsaye yana duban shafukan nan huɗu. 'Ya'yansa biyar a lokacin, ƙaramar tana goye. Sai ya kwance ɗaurin, ya mayar da kowane harafi gidansa.

Da Jumma'a ta zo ya miƙa wa Malam Abbas rubutunsa ya ce, "Inji ya lalace."

Malam Abbas ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya sa takardar a aljihu ya tafi. Bai bar littafi ba ran nan.

Daga baya ya sami inda aka gurza masa ita a keken rubutu, ta zaga gari. Aka zo aka tafi da shi. Wata bakwai ya yi a tsare, ya fito ba aiki, da wani tari da bai rabu da shi ba har ya rasu shekara goma sha ɗaya bayan haka. A duk tsawon shekarun nan ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa a masallaci, a wurin suna, a wurin jana'iza. Zaman Jumma'a ne dai bai sake dawowa ba. Alhaji Dabo ma ya rasu, ɗansa Mannir ya gaji maɗaba'ar.

A 1999 soja suka koma bariki. Tun kafin zaɓe garin ya cika da fosta, bangon da duk ka duba fuskar wani ce tana murmushi. Mannir ya sayi kwamfuta ya ajiye a ɗakin gaba, aiki ya koma can. Malam Sammani ya rage a ɗakin ciki, wani lokaci ya wuni bai jera layi goma ba.

Sati biyu da rantsar da sabuwar gwamnati, da hantsi, wata dattijuwa ta yi sallama a zaure riƙe da jaka. Hajiya Bashira ce, matar marigayi Malam Abbas, ita ma tsohuwar malamar makaranta. Suka gaisa, ya tambayi gida da yara da jikoki, ta tambayi Hure da ƙafarta mai ciwo, suka yi wa mamaci addu'a. Sannan ta ciro littattafan rubutu guda uku.

Ta ce, "Malam ya rubuta tarihin rayuwarsa bayan ya fito. Ya ce in ɓoye sai ranar da za a iya bugawa ba tare da an zo an ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Ina ganin ranar ta zo."

Mannir ya leƙo ya ce a ba shi, kwamfuta za ta gama cikin sati guda.

Hajiya ta ce, "A'a, ɗana. Wasiyya ce. Cewa ya yi Sammani za a kai wa."

Malam Sammani ya karɓa da hannu biyu.

Ya fara aiki washegari. Shafi biyu yake jerawa a rana, wani lokaci uku. Ya bi abokinsa tun daga ƙuruciya a gindin hasumiyar Gobarau, zuwa kwaleji, zuwa ƙauyen da aka fara tura shi koyarwa inda ya kwana uku a aji don ba a ba shi ɗaki ba. Wani wurin yakan yi dariya shi kaɗai, don yana jin muryar mutumin sak. Ya hana kansa leƙa gaba, ko da yake ya san abin da ke tafe.

A shafi na arba'in da ɗaya ya iske shi. Malam Abbas ya rubuta cewa ya kai takardar nan wurin amininsa Sammani, aka ce masa inji ya lalace, amma washegari da ya bi ta Ƙofar Marusa ya ji injin yana aiki. Ya ci gaba da cewa: "Ban riƙe Sammani a zuciya ba. Na san ba ra'ayinsa ba ne. Maigidansa Alhaji Dabo mutum ne mai gudun ɓacin ran hukuma, shi ya hana shi, shi kuwa ba ya iya tsallake maganarsa."

Malam Sammani ya karanta sau uku. Shekara goma sha biyar yana shirin ranar da za a kira shi matsoraci, ya ma tanadi yadda zai sunkuyar da kai ya karɓa. Bai taɓa tunanin za a wanke shi a ɗora wa wani ba, balle mutumin da ya koya masa sana'a, wanda har ya koma ga Allah bai san an taɓa kawo takardar ba.

Ya rufe akwati tun kafin azahar ya tafi gida. Hure ta ga ya ture kwanon abinci, ta ce, "Malam, mi ya faru?" Ya ba ta labari tun daga farko, abin da bai taɓa gaya mata ba.

Ta ce, "Da ka buga, da kai za a kama. Ni da yara biyar ina za mu? Ban ga laifinka ba."

Ya ce, "Na ji. To shi Alhaji mi ya yi?"



Kwana biyu bai taɓa shafin ba. Rana ta uku bayan la'asar ya tafi gidan Malam Abbas a Gobarau. Aka yi masa iso, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Hajiya Bashira ta zauna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, akwai kuskure a shafi na arba'in da ɗaya."

Ta ce, "To ka gyara mana. Ai don haka aka kawo maka."

"Ba irin wanda nake gyarawa ba ne." Ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba, har zancen direba.

Hajiya ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Da ta buɗe baki muryarta ta sauya. Ta ce, "Ka san wata bakwai ɗin nan kullum sai na dafa abinci na kai, ban san ko shina samu ba? Kuma duk shekarun nan Alhaji Dabo nake jin haushi. Ko ta'aziyyarsa ban je ba."

Malam Sammani ya ce, "Ni ya kamata ki ji haushi."

"Ina ji yanzu," in ji ta.

 Sannan ya tambaye ta ko tana ganin Malam Abbas ya san gaskiya, ya rufa masa asiri ne kawai. Ta ce ba ta sani ba, bai taɓa faɗa mata ba. Ta ce in yana so a cire sakin layin gaba ɗaya, ita ba za ta hana ba, a huta.

Ya ce, "Maganarsa ce, ba ni da ikon cire ta. Abin da nake roƙo, ki ba ni rabin shafi a ƙarshen littafin."

Ta ce ya je, za ta yi tunani. Bayan kwana huɗu ta aiko masa cewa ta yarda.

Ya jera shafi na arba'in da ɗaya yadda yake, bai taɓa ko wasali ba. Rabin shafin nan kuwa sai da ya ci masa mako guda. Mutumin da ya jera maganar dubban mutane ya zauna da biro ya rasa ta inda zai fara. Ya rubuta shafi biyu cike da dalilai, da zancen yara, da yadda zamanin yake, ya karanta ya yage. Ya sake, ya yage. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne wannan, ina da littafin, daga ciki na kwafo:

"Gyara daga mai jera haruffa. A shafi na 41 marigayi Malam Abbas ya ce Alhaji Dabo ne ya hana a buga takardarsa. Ba haka aka yi ba. Alhaji Dabo yana Legas, kuma har ya rasu bai ji zancen ba. Ni Sammani na jera shafi huɗu, na ji tsoro, na wargaza su, na ce inji ya lalace. Inji lafiyarsa lau. Allah ya jiƙansu su biyu, ni kuma ya yafe mini."

Kafin a buga ya kai wa Mannir shafukan biyu, na arba'in da ɗaya da na gyaran. Mannir ya karanta a tsaye, ya ce, "Baba Sammani, wa zai sani in ba ka faɗa ba? Kuma wa zai karanta har shafi na arba'in?"

Ya ce, "Kai ga shi ka karanta."

Mannir ya ninke takardun ya sa aljihu, ya ce zai kai wa mahaifiyarsa ta gani.

Littafin ya fito bayan damina, kwafi ɗari biyar, da koren bango. Bai yi wani tashe ba. Mutane sun shagala da sababbin kwamishinoni da wa aka ba wace kujera. Tsofaffin ɗaliban Malam Abbas ne suka fi nemansa. A majalisarmu an ɗan yi zancen shafin ƙarshe. Wasu suka ce dattako ne, wasu suka ce tsufa ne ya sa shi tonon abin da Allah ya rufe. Akwai wani tsohon abokin aikin Malam Abbas da ya daina amsa masa gaisuwa daga ranar. Hajiya Bashira kuwa ta je har gidan Alhaji Dabo ta yi wa matarsa ta'aziyyar da ta makara da shekara takwas. Tsakaninta da Malam Sammani gaisuwa ce ta mutunci, ba ta wuce haka ba.

Shi ne littafi na ƙarshe da aka jera da hannu a maɗaba'ar. Bayan shekara biyu Mannir ya sayar da tsohon injin, ya ajiye wa Malam Sammani tebur a zaure, yana duba abin da kwamfuta ta fitar kafin a buga. Ya yi wannan aikin shekara huɗu, har idonsa ya fara gazawa.

Na ziyarce shi a gida cikin rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Muna hira na tambaye shi ko da za a mayar da shi wancan makon, zai buga takardar. Na zaci zai ce e. Sai ya ce, "Ban sani ba, Malam. Wataƙila in sake jin tsoro. Abin da nake fata dai, da na ce masa tsoro nake ji. Da ya zauna mun yi gardama a kai."

Ya rasu cikin azumin shekarar. An yi masa salla a Gobarau, Mannir ya rufe maɗaba'a kwana uku, ya zauna karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa.