Daga Wankan Jego Zuwa Wankin Ƙoda

Wata biyar ban rubuta komai a shafin nan ba. Na ga saƙonninku. Wasu sun ce haihuwa ta sa ni girman kai, wasu sun ce maigida ne ya ƙwace wayar. Ko ɗaya. Ƙodata ce ta tsaya.

Wajen haihuwar ɗiyata ta fari na zubar da jini sosai, sai da aka ƙara mini leda biyu. Daga asibiti aka wuce da ni gidanmu, can Daura bayan rijiyar Kusugu, wankan jego. Mai wankan kuwa Gwaggo Ladi ce, yayar mahaifina, wadda ba a taɓa musa mata ba a gidan nan.

Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Kunun kanwa kwano guda. In na ce jikina na ciwo, a aika kemis a sayo ƙwayar ciwon jiki, in haɗiye biyu, wani lokaci uku.

Ranar suna zobena ya ƙi fita, takalmina ya ƙi shiga. Mata na shigowa suna cewa, "Masha Allah, jego ya karɓe ki." Gwaggo na amsawa kamar ita aka yaba: "Hannuna ne. A rame aka kawo mini ita."

Ni kuwa na san kwana biyu ke nan fitsarina bai cika ludayi ba. Ban faɗa ba. Shekara huɗu ina gardama da malamai a jami'a, amma bakina ya kasa ce wa yayar ubana ba na fitsari.

Sai amai. Sai numfashi ya fara gagarata in na kwanta.

Maigidana ya zo daga Mai'adua inda yake koyarwa. Ya danna ƙaurina da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya ce, "Gwaggo, a yi mini afuwa, asibiti zan kai ta." Ta ce, "Mai jego ba ta fita kafin arba'in." Ya ce, "To a ba ni aronta, zan mayar."

Aka ɗebi jini. Likita ta dubi takardar sakamakon, sannan ta ce mini akwai wani datti da naman jiki ke fitarwa kullum, sunansa kiriyatinin. Ƙoda ce ke tace shi ta zubar a fitsari. In ya taru a jini, ƙodar ba ta aiki yadda ya kamata. "A ma'auninmu, na mace mai lafiya bai cika kaiwa ɗari ba. Naki ya haura ɗari takwas."

Gwaggo, da ta biyo mu don ta ga ƙarshen taurin kai, ta ce, "Wane kirtani ne kuma a jikinta?"

Daga ranar sunansa kirtani.

Aka tura mu Kano wankin ƙoda. Na bar jaririyar a Daura wurin mahaifiyata, tana shan madarar gwangwani. Aka saka mini roba a wuya. Awa huɗu ina kwance ina kallon jinina yana fita, ya zaga cikin inji, ya dawo. Kuɗin kowane wanki ya fi ƙarfin malamin makaranta, dangi ne suka yi karo-karo.

Na tambayi likitan can, "Ƙodar za ta tashi?" Ya ce, "Wata na tashi, wata ba ta tashi. Za mu wanke, mu jira."

Jiran nan shi ne ciwon. Duk jarrabawar da na taɓa zama, akwai abin da zan yi in gyara makina. Wannan babu. A ɗebi jini da safe, a kawo lambar kirtani da rana. In an wanke ta sauka, bayan kwana biyu ta sake hawa. Ruwan sha ma aunawa ake yi. Nonona ya ƙafe ina kallo. A waya nake jin kukan ɗiyata, ba na iya bambanta shi da na kowane jariri.

Gwaggo ce mai jinya. Ita ke riƙe da jug ɗin awon fitsari, ta ɗaga shi saitin taga kamar mai duba manja. Wata rana, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Kanwar da na ba ki ce ko?" Likita ya ji. Ya ce jinin da na zubar ne mafari, ƙwayoyin kemis suka ƙarasa, kanwa kuma ba ta taimaka ba. Ta ce, "To." Ranar ba ta ci abinci ba.

Bayan wanki na biyar, jug ya kai rabi. Gwaggo ta ɗauke shi ta ratsa ɗakin marasa lafiya har teburin nas, babu mayafi. Ban taɓa ganin wanda ya yi wa fitsari irin wannan rakiya ba.

Lamba ta fara sauka da kanta. Aka cire robar. Yanzu ta ɗan haura ɗari, an ce in riƙa zuwa awo. Na yi arba'in ɗina a Kano. Da na dawo, ɗiyata ta ƙi ni har mako guda.

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana da ya cika alkawarin aro, da mahaifiyata, da duk wanda ya sa hannu a aljihu.

Mata, in fitsari ya ragu bayan haihuwa, ku faɗa, ko gaban wa. In an kumbura, a danna ƙauri a gani. A auna hawan jini, a roƙi gwajin ƙoda. Ƙwayar ciwon jiki ba alewa ba ce.

Makon jiya ƙanwata ta haihu. Ranar suna wata ta fara, "Masha Allah, jego ya..." Gwaggo ta katse ta. Ta durƙusa, ta danna ƙaurin mai jego da babban yatsa, ta jira ramin ya ciko. Sannan ta ce, "Yanzu ƙarasa. Amma gobe sai an duba mata kirtani."